Yadda ake fitar da sifo da garin fure daga cikin kwal, mataki-mataki

Duk shekara idan lokacin aikin kammala digiri ya zo, tambaya ɗaya ɗaliban ilimin duwatsu ke dawo mini da ita: "Malam, na samo kwal daga Maiganga, ta yaya zan ga garin furen da ake cewa yana ciki?" Wani ma kafin ya iso ya riga ya dake kwal ɗin lilis kamar garin tuwo, ya ƙullo a leda, ya kashe samfurinsa tun ba a fara ba. To ga yadda ake yi, daga bakin rami har ƙarƙashin madubin ƙara girma.

Garin fure shi ne ƙurar nan rawaya da ke zubowa idan ka girgiza kan gero ko masara lokacin fure, wadda manomi ya sani da bununi. Sifo kuwa ƙwayar haihuwa ce ta tsirran da ba sa fure kuma ba sa iri, irin su gansakuka da fan, tsiron nan mai ganye kamar gashin tsuntsu da ke fitowa a jikin kwakwar manja a kudu. Yawancin ƙwayoyin girmansu tsakanin maikuron 10 ne zuwa 100, alhali sai an haɗa maikuron 1,000 ake samun milimita ɗaya. Kowacce tana sanye da ɓawo na wani sinadari mai taurin kai da ake kira sifarofolenin, wanda dogayen sarƙoƙin kabon da haidurojin ne suka sarƙe da juna ta hanyar oksijin. Lokacin da ciyayin fadama suka mutu suka taru a ƙarƙashin ruwa, ƙwayoyin cuta sun cinye abin da ke cikin kowace ƙwaya, suka kasa cin ɓawon. Nauyin ƙasa ya zo ya latse shi ya koma falle. Wannan latsattsen ɓawon shi ne sashen kwal da ake kira sifarinayit.

Aikin gaba ɗaya a kan abu guda ya tsaya: itacen da ya zama jikin kwal yana riga ɓawon narkewa. Sai dai ɓawon ma yana narkewa idan aka daɗe. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce sana'ar.

Kayan aiki, da inda kuɗi ke tafiya

Kana buƙatar turmi da taɓarya na ƙarfe, kofunan gwaji na gilashi da na roba mai kauri, sandar motsawa ta gilashi da ta roba, rariyar milimita 1 da ta milimita 2, ƙyallen tacewa mai ido maikuron 10, na'urar juyi wato santirifuj, gilasan silaid da murafunansu, takardar auna asid, da tataccen ruwa mai yawa, fiye da yadda kake zato. Sinadarai su ne asid ɗin haidurokulorik (HCl), da asid ɗin naitirik (HNO3) mai ƙarfi, da garin fotasiyam kuloret (KClO3), da fotasiyam haiduroksayid (KOH), da zink kulorayid (ZnCl2), da jelin gilisarin ko ƙaron liƙe silaid. Asid ɗin haidurofulorik (HF) sai idan ya zama dole, za mu zo kansa. Sai madubin ƙara girma mai kaiwa ninki 400, mai ninki 1,000 ya fi.

Asid da KOH ba su ne ke cin kuɗi ba, kwalba ɗaya tana isar ɗalibai da yawa. Abin da ke karya aljihu shi ne ƙyallen maikuron 10 da ƙaron liƙi, don daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Ku haɗa kai ku huɗu ko biyar ku sayi yadi guda ku yayyanka. ZnCl2 kuma ana tace shi a sake amfani da shi, kada ka zubar.

Abu ɗaya ne ba a ciniki a kansa: akwatin zuƙe hayaƙi mai aiki. Idan babu shi a sashenku, ku nemi aro a sashen kimiyyar sinadarai. Wannan ba aikin ɗakin kwana ba ne, ba kuma na bayan gida a fili ba.

1. Ɗebo samfur

Kada ka tsinci kwal a gindin tsibi ko a bakin hanya inda motoci suka zubar. Ba ka san daga wane shimfiɗi ya fito ba, don haka duk abin da ka gani a ciki ba shi da adireshi. Je ka fuskar ramin, da izinin masu wurin, ka kankare saman da rana da ruwan sama suka taɓa har sai ka kai ga kwal mai ƙwari da sheƙi. Kwal ɗin da ya daɗe a sarari iska ta riga ta fara ƙona shi, ƙwayoyinsa sun zaizaye.

Ɗebi dunƙule kamar girman ƙwan kaza daga ƙasan shimfiɗin, da tsakiya, da sama, kowanne a ledarsa, don tsirran fadamar sun sauya tsakanin farkonta da ƙarshenta. Rubuta lamba a jikin ledar, ka kuma jefa wata takarda mai lambar a ciki da fensir, domin tawada tana gogewa.

Ga abin da kusan kowa ke mantawa: ɗebo baƙin dutsen laka da ke kwance a saman kwal ɗin ko a tsakaninsa. A mataki na 9 za ka gode wa kanka.

Tun a nan ka san da wa kake hulɗa. Kwal ɗin Maiganga a ƙaramar hukumar Akko ta Gombe, da na Okaba a Kogi, da na Enugu, duk na ƙarshen zamanin Kiretashiyos ne, wajen shekara miliyan 70, kuma ba su nuna sosai ba, wato zafin ƙarƙashin ƙasa bai dafa su sosai ba. Na Lafiya-Obi a Nasarawa ya fi su tsufa kaɗan, ya kuma fi su nuna. Na Anu-Araren a jihar Agadez, wanda kamfanin SONICHAR ke haƙa, ya haura shekara miliyan 300. Wannan bambancin shi zai faɗa maka tsawon lokacin da za ka ba asid.

2. Wanke, farfasa, raba uku

Wanke dunƙulen da buroshi da tataccen ruwa, ka shanya a cikin ɗaki a rufe. Kada ka shanya a taga, musamman da hunturu. Ƙurar hunturu cike take da garin furen ciyawa na bana, kuma a ƙarƙashin madubi zai zauna kusa da na da kamar ɗan gida.

Farfasa shi za ka yi, ba niƙa ba. Ɗaga taɓarya ka sauke, ka tankaɗe, ka mayar da manyan. Abin da ake so tsaki ne kamar tsakin masara, milimita 1 zuwa 2. Murza taɓarya a turmi yana yayyaga ƙwayoyin. Wanke turmin tas kafin samfur na gaba.

Raba shi uku. Giram 5 na jiƙo, giram 10 zuwa 20 na gogewa a mataki na 10, sauran ka adana. Wanda ya zuba duka samfurinsa a asid a tashin farko ba shi da wurin komawa idan ya wuce gona da iri.

3. Cire duwatsun da suka shiga ciki

Zuba giram 5 ɗin a kofi, ka rufe shi da HCl mai kashi 10 cikin 100. Idan ya yi kumfa akwai farar ƙasa a ciki, bar shi har kumfar ta mutu, sannan ka wanke sau uku. Wankewa a wannan aikin ma'anarta ɗaya ce ko'ina: cika da tataccen ruwa, juya a santirifuj minti 3 zuwa 5, tsiyaye ruwan sama a hankali. Idan babu santirifuj, bar shi ya kwanta na awowi kafin ka tsiyaye. Garaje a nan yana zubar da ƙananan ƙwayoyi a kwata.

Gargaɗi: idan za ka sirka asid, asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid.

Kwal mai tsabta, mara toka da yawa, daga nan sai mataki na 4. Wanda ya cika laka da yashi ne kawai, da kuma dutsen lakar da ka ɗebo, ke buƙatar HF, wanda ke narkar da yashi. Ana jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu a kofin roba, ana motsawa da sandar roba, domin HF yana cin gilashi. Dole HCl ya riga shi shiga, in ba haka ba kalsiyam zai haɗu da shi su yi wani farin gari da ba ya narkewa, ya lulluɓe maka komai. Bayan HF a wanke, a sake bi da HCl mai ɗumi, a sake wankewa.

Gargaɗi mai girma: HF ba kamar sauran asid ba ne. Yana ratsa fata ya shiga ya kama kalsiyam na jiki, kuma wanda aka sirka ba lallai ka ji zafinsa nan take ba, sai bayan awowi. Ɗan wuri kamar tafin hannu yana iya kisa. Ɗalibi ba ya taɓa shi shi kaɗai. Sai da ma'aikacin ɗakin gwaji a tsaye, da safar hannu biyu, da garkuwar fuska, da man kalsiyam gulukonet a buɗe a kan tebur. Idan ya taɓa ka, ruwa mai gudu nan take, sai man, sai asibiti ko da ba ka jin komai. Idan babu wannan man a ɗakin, babu aikin HF ranar.

4. Jiƙo a ruwan Shulze

Nan ne zuciyar aikin. Ruwan ya samo sunansa daga Bajamushen da ya fara jiƙa kwal da shi a 1855. Narkar da KClO3 a ruwa har ya ƙi ƙara narkewa, wajen giram 7 ke nan a mililita 100. Ɗauki kashi ɗaya na wannan ruwan, ka zuba masa kashi uku na HNO3 mai ƙarfi a hankali, a cikin akwatin hayaƙi. Haɗa iya wanda za ka yi amfani da shi yau.

Gargaɗi: kada garin KClO3 busasshe ya haɗu da garin kwal, ko takarda, ko tsumma, domin yana iya kamawa da wuta. Kada ka toshe bakin kwalbar da ruwan Shulze ke ciki, iskar da yake fitarwa za ta fasa ta. Kada ragowarsa ta haɗu da barasar gwaji ko asiton a kwalbar shara.

Sa kwal ɗin a kofin gilashi mai girma, wanda ruwan ba zai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na tsayinsa ba. Tsaya da kofin a cikin kwanon ruwan sanyi. Zuba ruwan Shulze kaɗan-kaɗan har ya rufe kwal ɗin. Zai yi zafi, ya fitar da jan hayaƙi mai ruwan ƙasa, kuma idan kwal ɗin yana da fayirayit, dutsen nan mai ƙyalli kamar zinare, zai taso kamar kunun da ya tafasa. Wannan hayaƙin yana lalata huhu, kuma shi ma sai daga baya yake nuna aikinsa. Akwai ranar da wuta ta ɗauke mana ana tsakiyar jiƙo, fankar akwatin ta tsaya, cikin minti biyu ƙaurin ya cika ɗakin, muka ja murfin akwatin muka fice. Tun daga ranar ba na fara wannan matakin sai na tabbatar janareta yana da mai.

Me ke faruwa a cikin kofin? Mafi yawan jikin kwal bitirinayit ne, wato itace da saiwa da ɓawon bishiya da suka ruɓe suka zama kamar kunu mai kauri, sannan suka daskare suka riƙe komai a cikinsu. A tsawon shekarun da ya yi a binne, zafi ya yi ta korar oksijin daga jikinsa har ya taurare ya daina narkewa. Ruwan Shulze yana mayar masa da oksijin ɗin da ƙarfin tsiya, yana tsinka shi gunduwa-gunduwa, ya koma asid ɗin ruɓaɓɓen ganye irin wanda ke sa ruwan fadama ya yi kalar shayi. Kamar ana mayar da hannun agogo baya ne. Sifarinayit kuwa, da yake ya fi kama da kakin zuma a ɗabi'a, ruwan ba ya saurin samun kansa. Amma rauninsa ke nan shi ma: asid zalla ba ya yi masa komai, mai ƙona abu da oksijin ne kaɗai ke iya masa.

Babu wanda zai ba ka awa ƙayyadadda ya yi gaskiya. Kwal mai ruwan ƙasa wanda bai nuna ba, mintoci ne zuwa awa ɗaya, wani ma ba ya buƙatar Shulze sam, KOH kaɗai ya ishe shi. Irin na Maiganga da Okaba ka fara dubawa tun daga rabin awa. Wanda ya nuna sosai yana iya cin kwana ɗaya ko fiye, har a sauya masa sabon ruwa. Abin dogaro gwaji ne. Ɗebi ɗan kaɗan da tsinken gilashi, wanke shi, ɗiga masa KOH. Idan ruwan ya tsaya fari ko ya yi ɗan rawaya, da saura. Idan ya rine nan take ya koma kamar baƙin shayi, tsakin kuma ya marmashe da ka taɓa shi, ya yi. Ɗiga ɗigo ɗaya a silaid ka leƙa kafin ka yanke hukunci.

Kuskuren da ya fi kashe samfur shi ne bin baƙaƙen gutsattsari. Za ka ga wasu baƙi ƙirin masu kaifin gefe, wasu har da ramukan ƙwayoyin itace a jere. Wannan inatinayit ne, yawancinsa gawayin gobarar daji ce ta wancan zamanin. Ba zai narke ba ko ka kwana uku. Ɗalibi sai ya ga baƙi ya ce bai yi ba, ya ƙara lokaci, gawayin yana nan daram, ƙwayoyin da yake nema kuwa sun narke.

Da ya yi, cika kofin da ruwa don ka kashe ƙarfinsa, ka wanke har takardar auna asid ta nuna kusan 7.

5. Wanki da KOH

KOH ɗan'uwan ruwan tokar da ake sabulun salo da shi ne, amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma ido ya fi tsana, don haka tabarau a fuska. Zuba mai kashi 5 cikin 100, motsa, ka ƙirga minti 2 zuwa 5. Shi ne ke narkar da abin da Shulze ya tsinka, ruwan ya yi baƙi. Cika da ruwa, wanke, sake wankewa, har sai ruwan sama ya fito garau. Wani lokaci sai sau goma.

Kada ka tafi salla ko cin abinci ka bar samfur a cikin KOH. Ɓawon da ya sha Shulze ya riga ya yi laushi, idan ya daɗe a nan sai ya kumbura, adonsa ya goge, ya koma kamar ledar da aka hura. Girman da za ka auna daga baya ƙarya zai zama.

6. Tacewa

Ɗaura ƙyallen maikuron 10 a bakin gutun bututun roba, zuba samfurin, ka riƙa fesa ruwa kana ɗan bubbuga gefe. Abin da ya tsaya a kan ƙyallen shi ne naka. Idan kana son manyan sifo, waɗanda suka haura maikuron 200, tare su tun farko da rariya mai faɗin ido, ana tsince su ɗaya-ɗaya da siririn buroshi.

Idan har yanzu akwai yashi, raba su da ruwa mai nauyi. Narkar da ZnCl2 har nauyinsa ya kusa ninka na ruwa sau biyu, ɗiga masa HCl kaɗan don kada ya yi farin gari, gauraya da samfurin, juya a santirifuj minti 10. Ƙwayoyin za su taso sama, duwatsu su nutse. Zuƙe na saman, sirka da ruwa sosai, wanke sau uku.

Sabon ƙyalle ga kowane samfur ya fi. Idan tsada ta hana, wanke shi da sabulu ta bayansa, ka duba shi a madubi kafin ka sake ɗaurawa.

7. Haɗa silaid

Narkar da ɗan gutsuren jelin gilisarin a kan silaid mai ɗumi, ba mai zafi ba. Ɗiga samfurin, gauraya da tsinke, kwantar da murfin daga gefe ɗaya don iska ta fita. Ya zama tsararo yadda za ka iya karanta rubutu ta cikinsa. Mai kauri ƙwayoyi suna hawa kan juna, ba ka gane komai. Idan sun yi fari da yawa, ɗigon jan rinin safaranin yana fito da adonsu. Zagaye gefen murfin da man farce mara launi, rubuta lamba nan take.

Littattafan da suka yabi jelin gilisarin a ƙasashen sanyi aka rubuta su. A zafin bazara na Sakkwato ko Maiduguri yana yin laushi, ƙwayoyi su yi ta yawo, wadda ka yi wa alama jiya ka neme ta ka rasa. Adana silaid a kwance a wuri mai sanyi. Wanda kake so ya shekara, busar da samfurin a kan murfin, ka liƙe da ƙaro irin su Entellan.

8. Dubawa da ƙirga

Fara da ninki 100 ka ga yanayin silaid ɗin, ka ƙirga a ninki 400, ka koma 1,000 da ɗigon man madubi a kan murfin silaid idan za ka tantance suna. Bi layi-layi daga gefe zuwa gefe, kada ka riƙa tsallen neman kyawawa. Ƙirga 200 zuwa 300 kafin ka fitar da kaso.

Sifo ana gane shi da tabo: ko mai rassa uku kamar harafin Y, ko tsaga guda miƙaƙƙiya. Garin fure kuwa yana da kwari ko ƙofofi, wani da jakunkunan iska biyu kamar kunnuwa. A kwal ɗin Gombe da Kogi da Enugu ka sa ran ganin sifon fan masu santsi da yawa, da garin furen dangin kwakwa mai kwari guda, irin su Longapertites, da Spinizonocolpites mai ƙayoyi, wanda ɗan'uwan kwakwar nifa ce ta bakin teku. Ganinsa yana nuna fadamar tana kusa da ruwan gishiri. A kwal ɗin Anu-Araren kuwa babu garin furen tsiro mai fure ko ɗaya, don a lokacin ba a yi su ba tukuna. Idan ka ga ƙwaya zagayayya mai ƙofa guda irin ta ciyawa a wannan silaid, daga tagarka ta shigo. Baƙuwar ƙwaya tana tona kanta: a cike take ba a latse ba, kuma tana shan rini fiye da sauran.

9. Karanta launi, amma ba a wannan silaid ba

Launin ɓawo ma'aunin zafi ne. Sabo kusan fari ne ko rawaya mai haske. Da aka binne shi zafi ya fara hawa, abin da ke fara fita oksijin ne, a matsayin ruwa da iskar kabon, sai launin ya koma rawaya sosai. Daga wajen digiri 60 zuwa 150 dogayen sarƙoƙin nan masu haidurojin ke tsinkewa su fita a matsayin mai da gas, kabon ɗin da ya rage kuma ya riƙa naɗewa zobe-zobe yana haɗuwa. Yawan zoben shi ne yawan duhun: ruwan lemo, ruwan ƙasa, har baƙi. Kuma ba ya komawa baya ko da dutsen ya dawo saman ƙasa ya huce. Shi ya sa masu neman man fetur ke auna shi, wasu da ma'auni mai hawa 1 zuwa 5, wasu da mai hawa 1 zuwa 10.

Matsalar ita ce ruwan Shulze yana kodar da launi. Silaid ɗin da ka haɗa a mataki na 7 ya dace da gane suna, amma duk wanda ya auna nuna da shi ya yaudari kansa, zai ce ɗanye ne alhali ya dahu. Na sha ganin wannan a rubutun ɗalibai, tebur guda cike da lambobin da ba su da tushe. Nan dutsen lakar da ka ɗebo ke amfani: shi HCl da HF kaɗai ake yi masa, babu Shulze, babu KOH, babu rini. Zaɓi nau'in sifo guda mai santsi da matsakaicin kauri ka bi shi a duk samfuran, domin ɓawo mai kauri ya fi duhu ko da zafi ɗaya suka sha. Kada ka taɓa ƙarfin fitilar madubin daga farko har ƙarshe.

10. Ganin sifarinayit a mazauninsa

Jiƙo yana nuna maka ƙwayar bayan an raba ta da gidanta. Idan kana son sanin kashi nawa na kwal ɗin ne sifarinayit, sai gogewa. Farfasa kashi na biyu ya wuce rariyar milimita 1, gauraya da ƙaron efoksi a ɗan mazubi, bar shi ya daskare kwana ɗaya. Goge fuskarsa da takardar yashi a jiƙe, daga mai lamba 240 zuwa 400, 600, 1200, kana wankewa tsakanin kowacce. Sai sheƙi da garin alumina na maikuron 1, sannan 0.3, sannan 0.05. Ƙwayar yashi ɗaya da ta tsallako daga takardar baya ta isa ta zana maka layi a duk fuskar, ka koma farko. Busar da shi sosai kafin dubawa.

Wannan yana buƙatar madubi mai haskowa daga sama, da ɗigon mai. Bitirinayit zai fito toka-toka, inatinayit fari mai haske, sifarinayit kuwa ya fi su duhu, siriri kamar leɓen da aka rufe, da layi a tsakiya inda cikin ƙwayar yake a da. Ana ƙirga wurare 500 a tazara daidai don fitar da kaso. Idan madubin yana da shuɗiyar fitila, kunna ta ka kashe ta ɗakin: sifarinayit zai yi walƙiya, kore-rawaya a ɗanyen kwal, rawaya, sannan ruwan lemo yayin da nuna ke ƙaruwa. Haidurojin ɗin da ya rage masa ne ke wannan hasken. Idan hasken da bitirinayit ke mayarwa ya kai wajen kashi 1.3 cikin 100, walƙiyar ta mutu, sifarinayit ya saje da bitirinayit har ba ka iya raba su.

Wannan ne ma ya sa nake ba da shawarar a fara gogewa kafin jiƙo idan ana zargin kwal ya nuna sosai. Idan ka kunna shuɗiyar fitila ka ga duhu ko'ina, adana asid ɗinka, ka koma ramin ka nemo dutsen laka ko wani shimfiɗin da zafi bai kai masa haka ba.